Baƙin Cikin Hanji

Kwana uku da yaye su, su goma sha ɗaya.
Uwar ta kwana tana tunkuyin ƙofa,
'ya'yan suka kwana suna tsuwa bayan bangon siminti.
Da asuba na haska tocila.
Mutanen Lipa jarida suke karantawa da kofi,
ni kashi nake karantawa,
ranar kuwa labarin ba daɗi:
tsululu, ruwan ɗorawa, har gindin wutsiya.

Na san wannan zawo.
Bara ya ci mini shida,
ya haɗa da kuɗin makarantar Crisanto ya haɗiye.
Alade asusu ne mai ƙafa huɗu,
in ya huje ta ƙasa, iska kake tarawa.

Dalisay ta iso a babur, takalmin roba har gwiwa.
Ni na riƙe ta ranar baftisma,
yau ita ce likitar dabbobin unguwa.
Na ce, zuƙo allura, ki bi su duka.
Ta ce, Lola, biyun nan masu zazzaɓi zan soka.
Maganin nan ba ya tambayar suna,
mugu da nagari duk shara ɗaya yake musu,
sai hanji ya koma kango,
kango kuwa kowane ɓarawo yana shimfiɗa tabarma.
Ta zaro fakiti, gari fari kamar alli.
Masu rai ne a ciki, in ji ta, barci suke,
in sun farka su kama ɗakuna,
mugu ya zo ya tarar ba masauki.

Na yi dariya har da tari.
Shekara talatin ina yaƙi da ƙwayar cuta,
sabulu, tsintsiya, tafasasshen ruwa,
yau in saye ta da kuɗina, in auna da cokali?
Ta nuna tulun da ruwan kwakwata ke tsami:
wa kike zaton yake miki aiki a can?
Na rasa ta cewa.

Ranar farko na dama da ruwan zafi,
don safiyar da sanyi, tausayi ya kama ni.
Dalisay ta dafe kai:
kin yi wa baƙi wanka da wuta!
Peso ɗari biyu suka bi tururi.
Daga nan na koya.
Ruwa mai sanyi, cokali guda a bokitin dusa,
a ɗaure bakin fakiti, a nesanta shi da rana.

Sai jira.
Ruwan sama ya yi ta kiɗa a kan kwano.
Ɗan ƙaramin, mai karyayyen kunne, bai jira ba,
na binne shi a gindin ayaba.
Garin nan ba laya ba ne.
Shara tana nan, fitilar ɗumi tana nan,
wanke kwami sau biyu bai fasa ba.

Rana ta shida tocila ta faɗa kan wani abu
dunƙulalle, busasshe, mai siffa.
Na durƙusa ina kallonsa.
Da maƙwabta sun gan ni, da sun ce tsohuwa ta zare.

Yanzu duk Asabar Crisanto yana rataya sikeli a reshen mangwaro,
ya zura su a buhu ɗaya bayan ɗaya,
suna ihu kamar an zo yanka.
Ya rubuta kilo da gawayi a bango,
lambobin suna hawa, suna hawa,
shi kuma yana lissafin littattafai da takalmi.

Da, in an ce baƙin ciki, abu ɗaya na sani.
Yanzu da dare nakan shafa tumbin mai zanen goshi,
ɗumi, tam kamar ganga,
in ce da waɗanda ban taɓa gani ba:
sannunku da aiki.
Ku zauna, ba kuɗin haya.
Gobe da sassafe akwai dusa.